Kwalba Ta Biyu

"Ɗan Inna Luba? Ai fitsarinsa ne ya tona masa asiri."

A bayan motar Bunguɗu Wasila ta ji wannan magana, daga bakin wata mata da ba ta ma sani ba. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska har suka shigo Gusau.

Yayanta Lawali ake nufi, direba ne a wani kamfanin dakon hatsi. Aka yi wa direbobi gwajin shan ƙwaya, aka ce an ga alama a nasa, aka karɓe makullin mota. A gida ya ce musanyar kwalabe aka yi. Inna ta yarda. Wasila ma ta bi maƙwabta tana faɗin haka.

Ita da ko gaisuwarta sai an kasa kunne, yau ga ta a ɗakin gwajin, gaban Malam Mannir mai karɓar fitsarin.

"Malam, kun haɗa fitsarin yayana Lawali da na wani."

"Ƙanwata, zauna mana. Ko ke ma gwajin kika zo?" Ya ga ba ta yi dariya ba, ya gyara zama. "Gwajin farko na iya kuskure, ko maganin mura na ruɗa shi. Shi ya sa muke raba fitsarin kwalba biyu, mu liƙe bakinsu a gaban mutum, ya sa hannu. Ta biyun tana firji, ba wanda ya taɓa ta. In ya ce a kai babban ɗakin gwaji, a kai. In sun wanke shi, ya karɓi motarsa."

"Ya sani?"

"Tun ranar munka gaya mishi. Shi muke jira."

Ta miƙe ta fita. Duk hanyar gida tana tuna wata 'yar leda mai jajayen ƙwayoyi da ta taɓa tsinta a aljihun Lawali tana wanki. Mayar da ita ta yi a lokacin, ba ta gaya wa kowa ba.

Ta same shi a zaure yana goge takalmin da ba inda za shi da shi.

"Auta, daga ina da wannan rana?"

Ta durƙusa gefen tabarma, idonta a ƙasa. Daga ciki ana jin Inna tana tankaɗe.

"Yaya," ta ce a hankali, "in anka buɗe kwalba ta biyun, mi za a gani?"