Garin da Hadiza Ta Ba Marafa

Kwamfuta ɗaya ce tak a shagon buga takardu na Malam Yusha'u da ke Damba, kuma tun da aka kawo faifan wasan sarakunan dā a shekarar 1999, gardama ba ta ƙare ba. A wasan kai ne sarki: ka gina birni, ka ci garuruwa, ka riƙe hakimai. Sunayen hakiman sun gagari baki, sai aka raɗa musu na gida, wannan Marafa, wancan Ɗangaladima.

Hadiza, mai buga takardun shagon, ita kaɗai ta zaɓi mataki mafi wuya. Mako shida tana fama da masarauta ɗaya, an ƙone mata rumbuna sau uku, ba ta sake sabo ba. Ga shi wasa ɗaya kawai na'urar take iya ajiyewa, don haka Lukuman da Labbo, abokan mai shago, suka matsa a goge nata.

"Wanga mataki zalunci ne," in ji Lukuman. "Kana yaƙi waje, naka na cin ka gida. Mi ad daɗinshi?"

"Ku dai ku ce kun kasa," in ji Hadiza.

Malam Yusha'u ya raba gardama: in sarkinta ya kai kiran la'asar a kan gado, wasanta ya zauna. In an tuɓe shi, a goge, a koma mai sauƙi.

Ta ja kujera, ta gyara mayafi. Ba a jima ba rundunarta ta fasa garin bakin kogi, wanda ta yi wata guda tana kewaye da shi. Labbo ya buga tsalle har ya ture kwalbar ruwa. Murna ba ta kai ko'ina ba sai hoton Marafa ya yi jawur, alamar tawaye, mayaƙansa suka doshi ƙofar fada.

"Sare kainai!" Lukuman ya daka tsawa. "Malama, sare shi!"

"Haka kay yi wancan karon, duk sunka tashi maka," in ji Labbo.

Hadiza ba ta bi ta kansu ba. Sai ta tuna Iya, kakarta a Furfuri, wadda in an yanka rago takan miƙa wa mafi ƙorafi wuƙa ta ce shi zai yi rabo. Hadiza ta ɗauki garin bakin kogi sukutum ta ba Marafa.

"Ke! Garin da kinka sha wuya kanai?" in ji Labbo.

Mayaƙan Marafa suka ja da baya. Nan take hoton Ɗangaladima ya fara yin ja shi ma, don kishi. Ta damƙa masa jagorancin runduna ta tura shi iyaka, inda abokan gaba suka shagaltar da shi. Shagon ya kaure da ihu, har mai shayin gefe ya leƙo.

Ladan ya ɗaga murya, sarkinta na zaune daram.

"Masarautar taki ta ƙanƙance, ta koma kamar faifan tuwo," in ji Lukuman, yana neman takalmansa.

"Amma tawa ce," in ji ta, ta danna ajiya. "Gobe in ka zo da wuri, sai in ba ka Ɗangaladima ka riƙe mini."