Jinin da Nafisa ta kai labo

Tun kafin a cire gero Kaltumi ta ji ƙullutu a nononta na hagu, amma ba ta faɗa wa kowa ba sai da hannunta ya fara kasa ɗaga tulu. 'Yarta ta fari, Nafisa, mai sayar da ƙosai a bakin kasuwar Kalfu, ita ta gani ranar da take taya ta ɗaura zani. Washegari ta bar 'ya'yanta wurin surukarta, ta sa uwar a mota suka nufi Tawa.

A asibiti aka ce sankara ce. Amma sun zo a sa'a, in ji wata ma'aikaciyar jinya mai suna Samira. Akwai ayarin likitoci masu bincike da suka zo da wata na'ura wadda ke nuna wa mai fiɗa iyakar ciwon yana tsakiyar aiki, don kada ya bar saura a jiki. Suna gwada ta ne ga waɗanda suka yarda, kuma ƙarshen wata za su wuce Damagaram.

Babbansu, Dokta Abdurazak, ya duba Kaltumi da kyau. Sannan ya dubi sakamakon jininta, ya cire tabarau.

"Inna tana da ciwon suga, kuma ya hau ƙwarai. In na yanka ta haka, gyambon ba zai haɗe ba. Sai ya sauka tukuna."

"In bai sauka ba kahin ku tahi fa?" Nafisa ta tambaya.

Ya rubuta magani, ya ce su dawo mako mai zuwa.

Suka sauka gidan wata 'yar garinsu a bayan tasha. Nafisa ta hana uwar fura, ta hana ta shayi, ta hana ta tuwon da ta saba ci tun tana yarinya. Zogale da wake, safe da yamma. Kaltumi ta rame har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Da yake Nafisa 'yar fari ce, uwar ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai ta ce, "Ke wannan, yunwa za ta riga ciwon kashe ni." Nafisa ta juya baya ta yi kamar tana gyara murhu. Ita ma ba ta jin daɗin jikinta. Ƙishirwa ta dame ta, kullum tana bakin randa, ta ɗora laifin a kan zafin Tawa.

Aka sake awo, sugan ya ɗan motsa kaɗan. Aka kuma sakewa, yana nan. Nonon kuwa ya fara tsagewa yana fitar da ruwa. Kabiru, ƙanen Nafisa, yana kira daga Abijan yana faɗa a waya, wai ta roƙi likitan, ta durƙusa masa in ya kama. Ta riga ta durƙusa. Likitan ya ɗaga ta, ya ce ba taurin kai yake yi ba.

A awon ƙarshe kafin tafiyar ayarin, Samira ta ɗebi jinin Kaltumi, ta miƙa wa Nafisa 'yar kwalbar ta kai labo, ɗakin awon jini, kamar yadda 'yan jinya suka saba. Nafisa ta fita, amma ba ta bi hanyar labo ba. Ta tsallaka titi zuwa rumfar wani mai sayar da magani da ke yi wa mutane allura a bayan labule. Ta ce ya ɗebi jininta. Ya dube ta, ya dubi kwalbar da ke hannunta, bai tambaye ta komai ba. Ya ɗauko kwalba irinta, ya cika, ita kuma ta ɓare takardar sunan uwar ta manna a kai. A hanya tana ta istigfari, amma ba ta juya ba.

Bayan azahar aka kira ta ita kaɗai. Dokta Abdurazak yana zaune, Samira tana tsaye gefensa.

"Malama Nafisa, jinin wa kika kai?"

"Na Inna."

"Jinin Inna ya ragu sosai saboda ciwon, mun san adadinsa. Wannan na mai ƙarfi ne. Ko irin jinin ma ba ɗaya ba ne."

Ta zauna a ƙasa. "Nawa ne. Ku yi mata aikin, don Allah. In laihi ne ni ku kama. Ku yi mata, ku tahi."

"Da dabararki ta ci, da na yanka ta, da a hannunki za ta ruɓe." Muryarsa ta sauka. "Amma ba don faɗa na kira ki ba. Sugan da ke cikin wannan jinin ya fi na Inna. Ke ma kina da shi. Yana bin gida, shi ya sa muke auna dangin marasa lafiya. Tun yaushe kike yawan shan ruwa?"

Nafisa ta buɗe baki, sai dariya ta kubce mata, wadda ta juye kuka. Samira ta durƙusa ta riƙe ta har ta lafa.

A ranar aka kwantar da Kaltumi, aka fara yi mata allurar insulin mai sauke suga. Ayarin ya tafi ba a yi aikin ba. Likitan ya bar lambarsa, ya ce da zarar sugan ya sauka su same shi a Damagaram. Samira ta koya wa Nafisa yin allurar, don ta riƙa yi wa uwar, ta yi wa kanta. Kaltumi da ta ji abin da ya faru ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Ashe abin da na gadar miki ke nan."

Sugan ya sauka ana tsakiyar bazara. Suka shiga motar Damagaram, Kaltumi kwance a cinyar 'yarta, kowane rami sai ta yi nishi. Can aka ɗauki hoton jikinta gaba ɗaya kafin a shiga da ita ɗakin fiɗa. Dokta Abdurazak ya fito da hoton a hannu, ya nuna wa Nafisa wasu ɗigo-ɗigo a hanta.

"Ciwon ya riga mu. Ko na cire nonon, ba zai tsaya ba."

"Da kun yi tun a Tawa fa?"

"Ban sani ba," ya ce. "Wataƙila tun lokacin yana nan. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Ya ba su maganin rage zafi, suka koma Kalfu. Kaltumi ta ga ruwan farko, ta sa aka fito da ita ƙofar ɗaki ta kalli masu tafiya shuka. Ta rasu kafin noman fari, ranar Laraba da hantsi.

Kabiru ya iso bayan sadakar bakwai. Yana zaune a tabarma yana karɓar gaisuwa Nafisa ta aika aka kira shi cikin gida. Ta ce gobe kasuwar Tawa za su bi motar farko, shi da ƙannensu biyu da 'ya'yanta duka, a auna su.

"Yaya, ni lahiyata lau," ya ce.

"Kabiru, ban da ƙarhin gardama. Ka shirya."

Ya dubi fuskarta, ya fita neman direba.