Hannun Ustaz Labib

A gidan shayin Mu'allim Sa'ad da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Iskandariyya, kujerar bakin taga ta wanda ya fi kowa iya dara ce, darar nan ta sarki da waziri. Tun Amm Girgis, wato Kawu Girgis, yana da baƙin gashi mutum ɗaya ya sani a kanta: amininsa Ustaz Labib, wanda ya taɓa cinye gasar birnin kaf. Shi ya sa ranar da Hazim mai kantin magani ya ce tsohon ya ƙare, suna kawai ya rage, Girgis ya doki tebur har shayi ya fantsama.

Gardama ta kaure. Wasu suka ce ai Labib ya daina karawa da kowa sai Girgis. Wasu suka ce ko barci yake ya fi ƙarfin yaran yanzu. Girgis kuwa bai tsaya kawo hujja ba, zagi ya shiga. Ya ce wa Hazim wanda ya koyi dara a waya ba shi da bakin magana a gaban manya, ya koma ya auna maganin tari.

"To Amm, Labib ɗin ya zauna da ni mana," in ji Hazim. "In ya ci ni, na yi shiru har abada."

Nan Girgis ya tsorata, don ya san abin da sauran ba su sani ba. Labib yana da doka wadda bai taɓa ɗaga wa kowa ba: abin da ka taɓa, shi za ka motsa. A kanta ya kunyata manyan mutane har suka daina zuwa. Ga shi tun bara hannunsa yake rawa. In suna wasa ya taɓa abin da bai nufa ba, sai Girgis ya juya ya hau kiran a kawo garwashin shisha.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka zauna, gidan ya cika maƙil. Tsohon ya matse Hazim kamar mai matse lemo, har gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Saura doki ya yi tsalle ɗaya a gama. Labib ya miƙa hannu, yatsun suka kauce suka bugi waziri har ya yi tangaɗi.

Kowa ya gani, kowa ya sunkuyar da kai. Duk inda wazirin nan ya je, ko a cinye shi ko wasan ya ruguje. Hazim, da guntun mutuncinsa, ya ce shi bai ga komai ba. Girgis ya yi caraf ya rantse cewa hannun riga ne ya shafa.

Labib ya ɗago ya dube shi. Girgis bai taɓa ganin fushi irin wannan a fuskarsa ba.

"Ni za ka yi wa ƙarya, Girgis? A kan teburina?"

Ya kama wazirin da hannu biyu ya tura. Ba a jima ba sarkinsa ya rasa wurin gudu. Ya miƙe, ya karkaɗe kujerar, ya nuna wa Hazim ita, ya fita.

Girgis ya bi shi titi yana huci. Ya ce wannan ba ci ba ne, kowa ya ga wanda ya fi, ƙwaƙwalwa ke dara ba yatsu ba, kuma taurin kai ne ya sa ya ba ɗan maganin tari kujera a banza. Haushin Hazim yake ji, da na Labib, da na hannun nan da ya ci amanarsu.

Labib ya tsaya cak.

"Shi sau ɗaya ya ci ni, kuma a gaban jama'a. Kai fa? Tun bara kake kiran garwashi alhali shisharka na ci. Ka ɗauka ban gani ba? Ka mai da ni yaron da ake lallashi."

Kafin Girgis ya buɗe baki, Labib ya ƙara da cewa:

"Gobe ka zo da wuri, zan nemi kujerata. Ni zan faɗa, kai ka motsa. Hannunka kawai nake so. Tausayinka ka bar shi a gida."