Goron Ladan Maigandi

Shekara uku bayan samun mulkin kai, Ladan Maigandi ya fara makara. Shekara ashirin da biyu yana kiran salla a masallacin unguwarsu a Kontagora, muryarsa ke tada masu koko da masu zuwa gona, sai ga shi sau biyu a mako guda gari ya waye yana ta sharar munshari. Liman bai yi masa faɗa ba, cewa kawai ya yi daga asubahin Juma'a, in aka sake, Lukuman mai ɗinki zai karɓi kiran. Maganar ta tsaya wa Maigandi a rai, don bai san kansa da wani suna ba sai ladan.

To, ka ji dabarar da gogan ya ɓullo da ita, wai kada barci ya sace shi, gara ya hana kansa barcin ɗungurungum. Bayan lisha sai ya kunna fitilar ƙwai, ya tasa farin goro a gaba yana ta ɓarzawa, yana gadin alfijir kamar mai gadin gero. Barci kuwa ba a cin bashinsa. Sai dare ya kusa ƙarewa barcin ya yi awon gaba da shi, matarsa Umma ce ke girgiza shi da ƙyar.

Ranar kasuwa amininsa Andarawus, manomi daga Kumbashi, ya biyo ya sha ruwa. Ya ga idon ladan ja wur, ya ji labari, ya kwashe da dariya har da buga cinya.

"Haba Malam! Zakaran gidanka goro yake ci? Magariba na yi ya hau bisa. Mu a ƙauye babu agogo, amma ba mu makara. Barci kamar akuya yake, lokacin da ka sabar masa shi yake dawowa gida. Duhu yake so, kai kuma ka tare shi da fitila."

Umma na bayan zana tana ji. Ta leƙo ta ce wa Andarawus, "Allah ya yi maka albarka, baban Rahila. Ni na faɗa, an ce maganar mata ce."

Tun ranar ta karɓe ragamar. Goro ya koma cikin tukunyarta, daga azahar ko ɓari ba ta bayarwa. Da hantsi ta kora shi rana ya taka zuwa bakin kasuwa ya dawo, ana idar da lisha kuma ta hure fitila. Kwana biyun farko Maigandi ya yi ta juyi yana ƙunƙuni, tsoro fal cikinsa. A na uku bai ma san lokacin da ya tafi ba.

Asubahin Juma'a Lukuman ya iso masallaci da sabuwar hula, yana gyaran murya tun daga hanya. Ya tarar an share tabarmi, an cika butoci, Maigandi na zaune fuska fes yana jan carbi.

"Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa," in ji Maigandi, daɗi kamar ya kashe shi. "Riƙe mini takalman nan."

Ya hau tudun kira, ya sa yatsu a kunne.