Inda Sarewa Take Yin Shiru

Karo na uku ke nan Madugu ya tsayar da kiɗan. Ya ajiye sandarsa a kan takarda, ya juyo yana nemana a kujerun baya.

"Malama, zo ki ga wani abu."

Madugu shi ne mai jagorantar ƙungiyarmu, makaɗa arba'in da biyu: masu goge manya da ƙanana, masu sarewa, masu ƙaho, da mai ganguna a can ƙurya. Ni ba na kaɗa komai. Aikina in ɗauki waƙa in rarraba ta a takarda, in ba kowane makaɗi rabonsa. A bana aka shirya taron kiɗan tsofaffin wasannin gem na talabijin, irin na kaset ɗin nan da sai an hura masa iska kafin ya kama. Waƙa tara aka ba ni. Takwas na saurara na rubuta. Ta taran ko buɗe ta ban yi ba, da ka na rubuta ta, don tun ina 'yar shekara bakwai take cikin kunnena.

Saboda ita ma na karɓi aikin. Yayana ne yake buga wannan gem ɗin muna yara. Yau wata takwas ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke, likita ya ce ba za a iya cewa ga iyakar abin da yake fahimta ba. Ina so in san ko yana nan a ciki. Ban faɗa wa kowa haka ba.

Madugu ya ɗora yatsa a layin sarewa. Takardar kiɗa gida-gida take, kowane gida da lambarsa.

"Gida na tara, sarewa ta yi shiru. Na sha bakwai, shiru. Har wuri biyar. Me ya cinye mata muryar?"

"Haka waƙar take."

"Ba haka take ba."

Ya ciro wayarsa ya kunna ta asali a gaban mutum arba'in da biyu. Ga ta nan, siririya, tana tsuwa kamar yadda na san ta. Gida na tara ya zo, murya ta biyu, wadda na ba sarewa, ta wuce sumul, ba ta tsaya ba. Na sha bakwai ma haka. Na ce wannan an gyara ta ne. Ya kunna wata, ya sake kunna wata. Mai babban ƙaho ya sunkuyar da kai yana wasa da maɓallan ƙahonsa, wai shi kada a ga yana dariya.

"Masu zuwa taron nan sun haddace ta fiye da lambar wayarsu," in ji Madugu. "Idan muka bar rami ɗaya sai sun biyo mu har gida. Ki cike su kafin Alhamis."

Shekara goma sha shida ina wannan aiki, ba a taɓa kama ni da kuskuren kunne ba. Na tattara takarduna na haura ɗakin mai ɗaukar sauti, don can ne kawai babu mai kallona. Yana zaune cikin wayoyinsa yana naɗe wata igiya a gwiwar hannu. Ya ji komai ta lasifika, ba sai na ba shi labari ba.

"Ke kika buga gem ɗin, ko kallo kika yi?"

"Ina ruwan wannan da wancan?"

"Na'urar nan murya uku kawai gare ta," ya ce. "Ba ta da ta huɗu da za ta yi ƙarar tsalle. Duk lokacin da ɗan mutumin cikin gem ɗin ya yi tsalle, sai ta ari murya ta biyu, ta yi ƙarar, ta mayar. Kin ga kuwa waƙar za ta yi giɓi. Wadda Madugu ya kunna, babu mai bugawa aka naɗe ta. Taki kuwa da mutum a ciki."

Na zauna a kan wani akwati.

Kallo na yi, mana. Yaya bai taɓa barina na taɓa madannin gem ɗin ba, ko sau ɗaya. Cewa yake hannuna da maiƙo. 'Yar Kallo yake kirana, har Mama ta ɗauka, har maƙwabta. Kullum muka dawo daga makaranta sai ya baje a gaban talabijin, ni kuma a bayansa a kan hannun kujera, idan na yi tari ya faɗa rami ya ce ni ce. Mutum ne mai tsari tun yana yaro. Hanya ɗaya yake bi, gudu ɗaya, tsalle a wuri ɗaya, yau da gobe da jibi. Ashe ban taɓa jin waƙar ita kaɗai ba. Shekara talatin da wani abu ina rera tsallen Yaya ina cewa waƙa ce.

Na cike ramukan a ranar, aikin minti ashirin. Aiki aiki ne, kuma Madugu ya fi ni gaskiya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Ranar Asabar na je gidan Yaya kamar kullum. An zaunar da shi a keken guragu kusa da taga, bargo a cinya. Matarsa, Anti, tana ta yi masa hira: famfon bayan gida ya sake ɗiga, ƙaramar 'yarsu ta ci jarrabawa, mai gyaran firij maƙaryaci ne. Ita ba ta jiran amsa. Ni ban iya ba. Nakan gaishe shi, in zauna ina latsa waya, in tashi. Tsoro nake ji in yi masa magana ta gaske in tarar babu kowa.

"Anti, ranar Alhamis da safe muna gwajin ƙarshe. Ba jama'a. Ko za ki kawo shi?"

Ta dube ni. "Sai ki zo ki kama mini keken a matakala. Ba siririn da kika sani ba ne."

Muka ajiye shi a tsakiyar layi na uku, inda aka cire kujera biyu. Na zauna a hagunsa, ɓangaren mai rai. Waƙarmu ita ce ta shida a jerin ranar, sai da muka jira kusan awa ɗaya. Da aka zo kanta masu goge suka shiga a hankali, ƙaho ya biyo, sarewa ta hau sama ta yi tafiyarta babu giɓi ko ɗaya. Ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Yaya kuwa fitilar rufi yake kallo tun daga farko har ƙarshe. Anti ta goge masa gefen baki, ta gyara bargon, ta ce mini a hankali, "Ba komai, ai ya sha iska."

Na tashi na je gaban Madugu.

"A sake ta sau ɗaya da tsohuwar takarda."

"Malama, saura waƙa uku, kuma mutanen nan yunwa suke ji."

"Minti biyu da rabi ce. Ban taɓa roƙonka komai ba."

"Kin taɓa," ya ce. Ya leƙa bayana ya ga keken. Ya juya wajen mai sarewa. "Tsohuwar tana nan?"

Tana nan, a ƙarƙashin sabuwar, har ta rubuta lambar wani tela a bayanta.

Na koma na zauna. Ban kalli fuskarsa ba, hannunsa na kalla. Da babban yatsan dama yake tsalle a da, wannan kuwa yana kwance a bargo kamar safar hannu da aka manta. Gida na bakwai, na takwas. A na tara sarewa ta ɗauke.

Babban yatsansa na hagu ya danna hannun keken.

Na ce a raina ƙila motsi ne kawai, yakan yi. Gida na sha bakwai ya zo, ya danna. Na ashirin da biyar, ya danna, har ya riga sarewar da ƙiris, kamar mai ɗaukar gudu kafin rami. Anti ta rufe baki da tafin hannu. Na talatin da uku, ya danna.

Giɓi na biyar yana gida na arba'in da tara, shi nake jira. Sai a na arba'in da ɗaya ya danna. Babu giɓi a wurin, sarewa ta ci gaba da busarta.

Yaya ya juyo da kai, a hankali, da wahala, har ya same ni. Ya harare ni. Hararar nan ce dai, ta gaban talabijin, wadda yake yi mini idan na yi tari. Rabin fuskar ne kawai ya iya, amma ya ishe ni.

Sai na tuna. A cikin gem ɗin, bayan gada akwai wani ɗan rami, ƙarami, wanda yake tsallakewa ba tare da ya rage gudu ba. Shida ne, ba biyar ba.

Kiɗan ya ƙare. Makaɗa suka hau juya takardu. Hawaye ya zubo mini, na bar shi, don hannuna yana cikin jaka yana neman fensir.

"To, Malama," in ji Madugu daga can, "wacce za mu buga ranar taron?"

"Ka buga wadda ka ga dama."

Na hau dandamalin, na karɓi tsohuwar takarda a hannun mai sarewa, na dawo da ita layi na uku. Har yanzu bai sauke hararar ba. Na shimfiɗa takardar a kan bargonsa, na nemo gida na arba'in da ɗaya, na soke shi a gaban idonsa.

"Na ji, Yaya," na ce. "Na gyara."

Ya duba takardar ya tabbatar, sannan ya ɗauke ido daga kaina.