Motar da Ba Ta Fita Ranar Laraba

Mijina Fidencio mutumin kirki ne, ban taɓa musun wannan ba, amma in ya ƙyalla ido ya ga abin da ransa ke so, hankalinsa tafiya hutu yake yi. Shekara ashirin da ɗoriya muna sana'ar wainar masara mai cuku da furen kabewa, ni a bakin kasko, shi a bayan amalanke yana turo tukunyar gas da rumfa da kujeru tun daga gida har kasuwa. Sauran ranaku a ƙofar gida nake ɗan taɓa suya don kada hannu ya yi sanyi, amma kasuwar Laraba ita ce gonarmu. Abin da muka samo ranar shi ke biyan haya, shi ke ciyar da mu har wata Larabar.

Da ɗaukar adashina ta zo, muka yi shawara a nemi akori-kura ta hannu, a ba da kafin alƙalami, sauran a riƙa biya wata-wata. Shawara fa na ce. Ban ce a je a biya ba. Ranar Asabar ina wajen saro masara, Fidencio ya kwashi kuɗin adashin kaf, ya ja amininsa Nicanor bakanike, suka nufi filin sayar da motoci na wani Don Hilario. Da na dawo na same shi a tsakar gida, bakin nan ya ƙi rufuwa.

"Eulalia, zauna tukuna kada ki faɗi," in ji shi. "Mun yi mota!"

"Mun yi, ko ka yi?"

"Ja ce, tsohuwata, ja wur! Nicanor ya shiga ƙarƙashinta ya fito, ya ce injin nan ko agogo albarka. Na ba da kafin alƙalami. Juma'a za mu sa hannu a takardar bashi mu taho da abarmu."

Raina ya so ya ɓaci, amma ganin yadda yake rawar jiki sai na haɗiye. Tun muna saurayi da budurwa yake mafarkin sitiyari, har lasisi ya yanka ya ajiye a aljihu yana sabuntawa ba motar ba dalilinta. Kafin la'asar ya gaya wa duk layinmu, ya naɗa Nicanor uban mota, ya kuma je ya yi wa fadan cocinmu magana ya zo ya yayyafa mata ruwan albarka.

Litinin da safe ya kai ni in gani. Gaskiya motar ta yi kyau. Fidencio ya buɗe mini ƙofa, ya nuna mini tayoyi, ya kunna rediyo, ya danna ham har sau biyu. Ni kuwa na zagaya baya. A inda lamba take an liƙa wani kwali mai sunan Don Hilario da lambar wayarsa, kamar yadda aka yi wa kowace mota a filin. Na sa yatsa na ɗaga kwalin.

Huɗu. Lambar da huɗu ta ƙare.

A wannan birni namu na Mexico, ko yaron da bai iya fyace majina ba ya san tsohuwar mota tana da ranar da ba ta taka titi saboda hayaƙi, kuma lambar ƙarshe ce ke yanke ranar. Uku da huɗu, Laraba. Ka kuskura ka fito, 'yan sandan hanya su tare ka, janwe ya ja motar, tara ta biyo baya.

"Fidencio," na ce a hankali, "zo ka karanta mini wannan."

Ya zo ya sunkuya. Ya daɗe a sunkuye, har na fara tunanin ko bayansa ne ya riƙe.

"Maza biyu," na ce, "ɗaya har da shiga ƙarƙashin mota, amma aka rasa wanda zai ɗaga kwali?"

"Injin muka duba..."

"To injin zai kai ni kasuwa ranar Alhamis in sayar wa wa? Masu shara?"

Don Hilario yana cikin ofishinsa mai gilashi, gashin baki a gyare, turare kamar an yi ɓari. Na gaishe shi da ladabi, na ce mun fasa, a taimaka a ba mu kuɗinmu. Ya yi murmushin da na tsana tun kafin ya gama shi.

"Haba Doña, uwar gida, rana ɗaya ce fa tak a mako. Ki ɗauka motar ma tana hutu. Ke ba kya hutu?"

"Ba na yi, ranka ya daɗe. In ma zan yi, ba ranar Laraba ba."

"To, ni dai kafin alƙalami ba ya komawa. Mai gidanki ya sani, na gaya masa. Ko ba haka ba, Don Fidencio?"

Fidencio ya dubi takalminsa kamar yau ya fara ganin sa. Na ce to a canza mana da wata. Don Hilario ya ce akwai, ya nuna wata fara da kuɗinta ya kusa ninka na tamu, ya ce wannan ba ruwanta da kowace rana. Na tambaye shi ko ya ga na yi kama da mai rijiyar mai. Ya yi dariya, ya rako mu har ƙofa, yana cewa sai ya gan mu Juma'a.

Muka hau bas muka nufi gida. Ba kuɗin kawai ke cina ba, ko da yake kowane peso a cikinsu na san ƙunar man da ta kawo shi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda mutumin nan ya dube mu, ya gama lissafin cewa irinmu kuka za mu yi mu haƙura. Ko dai mu bar masa kuɗin, ko mu ɗauki bashin shekara huɗu a kan motar da za ta kwana a ƙofar gida duk ranar da muke bukatar ta.

Laraba da sassafe Fidencio ya ɗaure kaya a amalanke, ya juya zai nufi kasuwa. Na ce masa ba nan ba.

"Ina kuma?"

"Tunda motarmu ba ta zuwa kasuwa ranar Laraba, kasuwa za ta je wurinta."

Tafiyar da ɗan nisa, ya tura yana haki, bai yi ƙorafi ba don ya san ba shi da bakin magana. Muka kafa rumfarmu mai ruwan hoda a bakin titi, daf da ƙofar filin Don Hilario, ban tare masa hanya ba ko da taku ɗaya. Na kunna gas, mai ya yi zafi, na fara jefa waina. Allah ya taimake ni iska ta juya, ƙamshin da hayaƙin duka suka nufi cikin motoci.

Masu wankin motocinsa ne suka fara zuwa, suna waige-waige, kowa ya ci uku-uku. Sai direbobin bas, sai matan wani asibitin haƙori da ke tsallake. Lokacin da Don Hilario ya iso, layi ya kai jikin falwaya.

"Doña! Mene ne haka?"

"Barka da asuba, ranka ya daɗe. Da cuku ko da furen kabewa?"

"Ki kwashe tarkacen nan daga ƙofata!"

"Ƙofarka ga ta can, nan titin gwamnati ne. Ni gadin dukiyata na zo. Ka ga jar motar can? Tayoyinta da ƙofa ɗaya nawa ne, na biya."

Masu layi suka kwashe da dariya. Ya shige ofis yana latsa waya. Ba a jima ba 'yan sanda biyu suka zo a babur. Babban ya tambaye ni takardar izini, na tambaye shi ko ya karya kumallo. Ya ce a gaskiya bai karya ba. Suka ci, suka ƙara, suka ce yajin ya yi, sannan suka leƙa suka gaya wa Don Hilario wannan magana ce ta hukumar unguwa, ya rubuta ƙorafi, za a duba.

Duk wanda na ga ya nufi filin da alamar sayen mota, sai in kira shi. "Ɗan'uwa, zo ka ɗanɗana, kyauta ne. In ka shiga, kafin ka kalli fenti ka ɗaga kwalin baya." Wani mai sayar da furanni ya shiga da matarsa, ya ɗaga kwali, na ji matar ta ce, "Tara? Juma'a ke nan! Ranar da muka fi ciniki?" Suka fito, suka sayi waina shida, suka yi mini godiya. Daga nan kowa ya shiga sai ka gan shi a sunkuye a bayan mota, kamar masu neman allura.

Duk da haka Don Hilario bai motsa ba. Ya tsaya a bayan gilashi ya harɗe hannu, ni ma ina juya waina ina kallon sa. A raina kuwa tsoro nake ji. Na bar gurbina a kasuwa, wanda in ka yi wasa da shi wani ya gaje, kuma in mutumin nan ya daure har yamma, ban san abin da zan yi gobe ba.

Wajen sha ɗaya sai ga Doña Petronila, maƙwabciyata a kasuwa mai matse lemo, tana turo kekenta tana fifita da hula.

"Eulalia, ashe nan kika ɓuya! Mutane sai tambayar ki suke. Wai sabon wuri kika samu shi ne ko ki gaya mini, don baƙin hali?"

"Ba wuri ba ne, rigima ce."

Ta dubi layin, ta dubi titin, ta dubi inuwar bishiyar da ke gefena. "Rigimar nan da ciniki. Matsa mini."

Ta kafa lemarta. Ban kira ta ba, Allah ne shaida, kuma ban kira mai safa da ɗan kamfai da ya shimfiɗa ledarsa bayan rabin awa ba. Mai gasa masara ma daga ina ya ɓullo, oho. Da wani ya iso da lasifika a kafaɗa yana sayar da waƙoƙi, ya fara neman inda zai ɗaura igiyar rumfa, sai ya ɗaura a ƙarfen allon Don Hilario.

A nan ne ido ya raina fata. Duk wanda ya girma a garin nan ya san yadda kasuwar titi ke haihuwa. Rumfa ɗaya wasa ce, biyu ma a iya kora, amma in suka kai biyar, suka ga Laraba biyu a jere, to an gama. Za su yi shugaba, su yi ƙungiya, su yi waliyyinsu da ranar bikinsa, jikokinka ma a tsakanin rumfuna za su riƙa ratsawa su shiga gida. Don Hilario ya fito da sauri har yana tuntuɓe.

"Doña Eulalia, don Allah zo mu yi magana."

"Au, ashe ka san sunana? Ina jin ka daga nan, mai na kan wuta."

Ya matso, ya rage murya. "Sai yaushe za ki tafi?"

"Bashin na shekara huɗu ne, ko? To duk Laraba ina nan, tunda ni da motar ba mu da wurin zuwa."

"Zan ba ki rabi."

"Petronila, ɗan'uwanki mai kifi har yanzu yana neman wuri?"

"Yana nema! In kira shi?"

"Duka," in ji Don Hilario. "Duka zan ba ki. Amma ki tafi da mutanenki."

"Ba mutanena ba ne, amma in na tashi za su tashi. Ba mai tsayawa shan lemo in babu waina."

Ya shiga ya fito da ambulan. Na goge hannu a ƙyallen da na ɗaura a gaba, na ƙirga kuɗin, ba abin da ya yi ciwon kai. Na naɗe masa waina biyu masu zafi a takarda. Ya tsaya kamar zai ƙi, sai ya karɓa ya gutsura, ya ce cukun ya yi yawa, ya cinye.

Na juya in nuna wa Fidencio, ban gan shi ba. Tun da rana ta ɗaga yake wanke faranti a bokiti ba ya ɗaga kai, yanzu kuma bokitin kawai ke nan. Na bar wa Petronila kasko na shiga filin.

Yana cikin jar motar, a kujerar direba, hannu biyu a kan sitiyari, injin a kashe. Bai ga zuwana ba. Na ga ya gyara madubi, ya dubi hagu, ya dubi dama, ya ɗan karya sitiyarin kamar mai shan kwana. Na lura da tafin hannunsa, duk kanta, saboda ƙarfen amalanke. Duk fushin da na kwana biyu ina dafawa sai ya bi iska, tausayinsa ya kama ni.

Na buɗe ɗaya ƙofar na shiga na zauna.

"Ina muka nufa, direba?"

Ya yi firgigit, kunya ta rufe shi. "Sallama nake mata. An ba ki?"

"An ba ni."

"Madalla." Ya shafa sitiyarin. "Ki ɓoye su inda ban sani ba, Eulalia. Ni da amalanke mun saba."

Na ciro ambulan ɗin, na cusa a aljihun rigarsa, na ɓalle maɓallin da kaina. Ya dube ni, ya dubi aljihun.

"Ni za ki sake ba wa?"

"Wa zan ba, Nicanor? Gobe ka fita nema. Ja, fara, ko mai ruwan ƙasa, ba ruwana, kai za ka tuƙa."

Ya share ido da bayan hannu, ya ce hayaƙin kaskona ne ya biyo shi har nan.

"Na ji," na ce. "Sauko mu naɗe rumfa, kafin mai kifi ya iso."