Tsakar Gidan Indo

Ranar da matata Indo ta sauko da akwatinta daga kan kabad, a watan Yunin 1974, ko loma ɗaya ban iya haɗiyewa ba. Shekararmu biyu a ƙasar Turawa, a unguwar Jamaica ta Queens. Ni ina fita aiki ofishin kaya na filin jirgi, ita tana zaune a rufe.

"Malam, ni fa kafin sanyi ya shigo zan koma Katsina," ta ce. "Gida ba tsakar gida? Daga ɗaki sai ɗaki. Rabon da rana ta taɓa kaina ba mayafi tun a gidanmu."

Ba da faɗa ta faɗa ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Har tabarmarta ta naɗe, ta ɗaure, ta jingine kusa da akwatin.

Ni da ban taɓa buga ƙusa ta shiga a miƙe ba, sai na ce zan yi mata tsakar gida. A wata mujalla na ga hoton dandamalin katako a bayan gida, na yage shafin na sa a aljihu. Ƙofar kicin ɗinmu tana sama, matakala takwas daga ƙasa, don haka na yanke in ɗaga shi daidai da ƙofar, ta fito kawai ta taka.

Sati shida ban huta ba. In taso aiki, in cire taye, in ɗauki zarto. Na yanke katako ɗaya gajere har sau uku. Na daki babban yatsana da guduma, farcen ya yi baƙi ya fita. Abokina Uwaisu ya zo riƙe min ginshiƙai wata Asabar, ya dubi aikin ya ce, "Zailani, wannan zai ɗauki mutum kuwa?" Ban kula shi ba. Jirage na wucewa a kanmu ba ƙaƙƙautawa, kuma kowanne ya wuce sai na ɗaga kai, kamar tana ciki.

Farkon Agusta na gama. Allunan ba su haɗe sosai ba, amma ya tsaya. Na kira ta ina washe baki.

"Ki bar mayafin, gidanki ne."

Ta fito da kai a buɗe, ta yi taku uku. Wani tsoho ɗan Italiya mai ban-ruwan tumatir a bayanmu ya ɗaga mata hula. Matar gidan hagu ta bar shanya tana ɗaga hannu. Wasu maza huɗu masu karta a gidan dama suka juyo gaba ɗaya. Sai a lokacin na ga abin da na aikata: shingen gidan ko ƙafarta bai rufe ba. Na ɗauki matata na ɗora ta a sama, unguwa duka na kallo.

Ta dafe kai da hannu biyu ta koma ciki. Wallahi da ta zage ni da na fi jin sauƙi.

Kwana biyar ina kewaye ƙofar nan, ban leƙa ba. Ran Juma'a na dawo da wuri, na tarar da gida shiru. Akwati na nan, tabarma babu. Na duba ɗaki, na duba banɗaki, na banko ƙofar kicin na fita kan dandamalin. Ba kowa.

Sai na ji sheƙar shinkafa a faifai, a ƙarƙashin ƙafata.

Na durƙusa na leƙa ta tsakanin allunan. Ta share ƙasan tas, ta ɗaɗɗaura zannuwanta daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, ta shimfiɗa tabarma. Tana zaune ta miƙe ƙafa, kai ba ɗankwali, rana na sauko mata layi-layi ta ramukan da rashin iyawata ya bari.

"Malam, matsa, ka tare min rana," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Sama naka ne, kai da maƙwabtanka. Gobe ka samo katako ka rufe min gefen nan, zannuwana ba za su jure ruwa ba."

"Akwatin fa?"

"Rufe tukuna."

Na sauka da gudu na ɗauko magwaji. Wani jirgi ya wuce, har allunan suka yi rawa. Ban ɗaga kai ba, ina awo.